Murya a Cikin Akwati: Waiwaye Daga Iyakar Bagudo

Duk wanda ya tashi a ƙasar Bagudo ya san kaya ba ta hanya ɗaya suke iso mana ba. Wasu ta cikin gida suke biyowa, daga Kano zuwa Sakkwato zuwa Jega, har su sauka a kasuwanninmu. Wasu kuwa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano suke tasowa, su hauro arewa ta Faraku da Kandi, su shigo ta Sagbana zuwa Tsamiya, ko su kai Malanbil su gangaro ta bakin Kwara zuwa Lolo da Illo. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ta tsaga ƙasar Bargu gida biyu, ta bar Illo a hannun Ingilishi, amma ba ta iya tsaga kasuwa ba. Ta wannan hanya ta biyu ce kayan wuta na gwanjo suka riƙa kwararowa: rediyo, rakoda, talabijin, bidiyo, daga baya kuma akwatin gem. Kowannensu ya zo da irin muryarsa. Idan mutum ya bi waɗannan muryoyi ɗaya bayan ɗaya, zai ga wani sauyi da ya wuce ta gabanmu ba tare da mun tsaya mun yi masa kallon tsanaki ba: sauti ya ƙara daɗi da tsafta, sanin yadda ake fitar da shi kuma ya ƙara nisa daga hannunmu.

A zamanin kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, sauti abu ne da ake iya taɓawa. Yana kwance a kan zare mai maganaɗisu, zaren ya goga jikin hed, hed ya mayar da abin da ya ji zuwa wutar lantarki, sifika ta girgiza. Iyakar labarin ke nan. Idan muryar Ɗanƙwairo ko ta Sani Ɗandawo na Yawuri ta fara jan jiki, kowa ya san batir ne ya yi sanyi ko bel ya saki. Idan ta dushe, a goge hed da auduga da sifirit. Idan rakoda ta tauna zare, a jawo shi a hankali, a yanke inda ya lalace, a liƙe, a naɗe da biro. Mai gyaran rediyo da ke zaune a rumfar kasuwa da dalmarsa da tsohuwar mitarsa yana iya bin sauti daga inda ya shigo har inda ya maƙale. Da wannan kaset aka adana wa'azi da karatun azumi da waƙoƙin biki, da shi kuma aka riƙa aika gaisuwa baki da baki ga 'yan'uwan da ke ci-rani. Duk rakodar da aka samu, ta Japan ce ko ta Turai, za ta karanta shi.

Akwatin gem ne ya fara kawo mana sautin da ba a kwance yake a ko'ina ba. Na farkon da yaranmu suka sani kwaikwayo ne na Famicom, wanda Nintendo ta fitar a Japan a 1983, aka kuma yi ta ƙera jabunsa a Taiwan da Sin. Kaset ɗinsa ba shi da zare, ba shi kuma ɗauke da kiɗa, sai umarnin yadda za a yi kiɗa. A cikin aisin da ke tafiyar da wasan akwai muryoyi biyar: biyu masu kaifi da ke riƙe da karin waƙa, ɗaya mai kauri da ke tafiya a ƙasa, ɗaya ta hayaniya da ake yin ganga da fashewa da ita, sai ta biyar mai iya fitar da ɗan guntun sautin da aka ɗauka. Wasan yana rubuta lambobi a wasu 'yan gurabe, kowace lamba tana faɗin tsayin murya ko ƙarfinta ko tsawon lokacinta, aisin ya aiwatar nan take. Babu tambaya, babu amsa. Ƙwaƙwalwa ɗaya ce ke motsa hoto, ta saurari hannun yaro a kan fad, ta kuma buga kiɗa.

Wannan haɗin yana da wani sakamako da kunnuwanmu suka ji. Wasanni da yawa sun ɗaure kiɗansu da sauyawar hoto a talabijin: duk lokacin da hoto ya sabunta, kiɗa ya matsa taki ɗaya. Talabijin na Japan da Amurka yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, na Turai da namu sau 50. Saboda haka wasan da aka tsara wa Japan, idan aka buga shi a akwatin da aka yi wa Turai ba tare da an daidaita shi ba, kiɗansa kan ragu da kashi ɗaya cikin shida. Da yake gwanjon Kwatano mafi yawa daga Turai yake fitowa, akwai kiɗe-kiɗen da muka haddace da wani taki wanda ba shi ne takin masu tsara su ba.

Da wasanni suka ƙara nauyi, ƙwaƙwalwa ɗaya ta kasa, sai aka raba aiki. Mega Drive na kamfanin Sega, wanda ya fito a 1988, ya zo da ƙaramar ƙwaƙwalwa ta biyu mai suna Z80, wadda galibi ita ke kula da kiɗa, tana juya aisin sauti na Yamaha mai muryoyi shida. Yamahar nan dai ita ce mai fiyanon da mawaƙan finafinan Kano suka gina kiɗansu a kai, shi ya sa kunnen da ya saba da ɗaya ba ya baƙunta a ɗayan. Amma inda rabon aikin ya fi fitowa fili shi ne Super Famicom na 1990. Sashen sautinsa, wanda injiniyan Sony Ken Kutaragi ya tsara, gida ne mai zaman kansa: ƙwaƙwalwarsa daban, ma'ajiyarsa ta kilobayit 64 daban, muryoyinsa takwas. Babbar ƙwaƙwalwa ba ta da ikon leƙa cikinsa. Abin da ya haɗa su 'yan kafofi huɗu ne kawai, kowacce tana ɗaukar bayit ɗaya.

Tsarin maganarsu abin a tsaya a duba ne. A cikin sashen sauti an dasa wata 'yar manhaja ta bayit 64, wadda ba ta gogewa ko an ɗauke wuta. Ana kunna akwati sai ta farka, ta ajiye alamomi biyu a bakin kafa, AA da BB, wato ta shirya. Babbar ƙwaƙwalwa ba za ta ce komai ba sai ta ga waɗannan alamomi. Idan ta gani, sai ta faɗi inda za a sauke kaya, ta ajiye tata alamar, CC, ta jira a maimaita mata ita. Daga nan ta fara miƙa manhajar kiɗa da sautukan kayan kiɗa, bayit ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lambarsa, ba ta miƙa na gaba sai an dawo mata da lambar wanda ya gabata. Idan amsa ba ta zo ba, wasan gaba ɗaya kan tsaya cak, allo ya yi baƙi. Wannan ya sa akwatin da sashen sautinsa ya mutu ba shiru kaɗai yake yi ba, sau da yawa ko tashi ba ya yi. Mai gyaran da ya saba bin waya da mita ba zai ga komai a nan ba, domin abin da ya yanke ba waya ba ce, magana ce tsakanin ƙwaƙwalwa biyu.

Sai PlayStation ya zo, a ƙarshen 1994, kuma shi ne ya kafa gidan gem a garuruwanmu: shago ko zaure, benci biyu, talabijin, janareta na ruri a waje, yara sun yi layi, wanda aka ci ya miƙa fad. Ƙwallo ce ta mallaki wurin. A Winning Eleven na kamfanin Konami aka ji muryar mutum sosai, ta Jon Kabira, yana sharhi da Japananci, yaran da ba su san kalma ɗaya ta harshen ba suna kwaikwayon ihunsa a filin ƙwallon unguwa. Ta yaya muryar ɗan Adam ta shiga akwati? Faifan sidi yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo yana cin bit 16, ga kunnen dama da na hagu. Minti ɗaya ya haura megabayit 10. Ma'ajiyar sautin PlayStation kuwa rabin megabayit ce, muryoyi 24 kuma a kanta suke dogara. Dole a matse.

Dabarar matsewar ita ce, igiyar sauti ba ta cika yin tsalle ba. Awon yanzu yana kusa da na baya. Maimakon a rubuta kowane awo cikakke, sai a yi hasashensa daga biyun da suka gabata, a rubuta bambancin da ke tsakanin hasashe da gaskiya kawai, da bit 4. Da haka awo 28 ke shiga cikin bayit 16, inda da sai sun ci 56. Amma abin da aka rubuta ta wannan hanya ba sauti ba ne kuma. Idan aka tura shi sifika kai tsaye, ƙara marar ma'ana za a ji. Sai an sami mai warwarewa, wanda ya san ƙa'idar hasashen, ya sake gina kowane awo a kan na bayansa. A nan ne babban sauyin ya auku: daga wannan lokaci, ajiye sauti bai wadatar ba, sai an ajiye shi tare da wanda ya san karanta shi.

Mai warwarewa kuma yana da lokaci, ba ya jira. Sifika tana buƙatar awo na gaba a daidai lokacinsa, dubbai a daƙiƙa. Mutanen Lolo sun san wannan aiki a bakin ruwa: idan jiragen fito biyu ne, ɗaya na sauke kaya a wancan ƙetare yayin da ake loda ɗayan a wannan, masu dako ba za su taɓa zama hannu rabbana ba, amma idan jirgi ɗaya ya makara, sai aiki ya tsaya. Haka ake yi wa dogon sauti. Ana raba wurin ajiya biyu, mai warwarewa na karanta ɗaya ana cika ɗayan, idan ya gama sai ya buga wa babbar ƙwaƙwalwa alama a juya. Duk wanda ya zauna a gidan gem ya ji abin da ke faruwa idan kaya suka makara. Faifai ya karce ko idon na'ura ya gaji, sai kiɗa ya yanke, mai sharhi ya yi shiru ko ya kama in'ina. Sai ka ji yaro ya ce, “Oga, faifan nan ya gaji,” mai shago ya goge shi da gefen riga, ko ya kifa akwatin a kan bayansa don ido ya daidaita da faifai. Dabarar kifawar tana aiki a kan tsofaffin akwatuna, kuma ita ce kusan ƙarshen abin da hannu ke iya yi wa sauti.

Bayan nan komai ya koma ciki. PlayStation 2 na shekarar 2000 ya ninka muryoyi zuwa 48, ya damƙa kula da su ga wata ƙaramar ƙwaƙwalwa ta daban. GameCube na 2001 da Wii na 2006 suka zo da ƙwaƙwalwar sarrafa sauti wadda kowane wasa ke loda mata manhajar cikinta. Suna magana ta akwatunan saƙo biyu, na zuwa da na dawowa, kowanne da alamar da ke nuna akwai saƙo a ciki ko an ɗauka. A yawancin wasannin GameCube, duk kashi ɗaya cikin 200 na daƙiƙa ake miƙa mata jerin umarni: wace murya za ta tashi, daga ina, da wane ƙarfi. Ita kuma ta haɗa awo 160 ta mayar, tana jan su daga wani sashe da ke warware matsatsen sauti yayin da ake karantawa. PSP na Sony, wanda ya fito a 2004, ya wuce nan. Yana da ƙwaƙwalwa ta biyu ta musamman don warware sauti da bidiyo, amma ko masu rubuta wasanni ba a ba su mabuɗinta ba. Sai dai su miƙa matsatsen sauti ta ƙofar da kamfani ya tanada, su karɓi warwararre. Tsarin matsewar da aka fi amfani da shi, ATRAC3plus, mallakin Sony ne, ba a bayyana wa duniya ƙa'idarsa ba.

Abin mamaki, wannan akwati da aka fi kullewa shi ne yau yake cikin aljihun samarinmu. Wayar hannu ta GSM ta zo Najeriya a 2001, Android ta biyo baya, sai ga wata manhaja mai suna PPSSPP, wadda wani ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Rydgård, ya fitar a 2012. Tana sa waya ta kwaikwayi PSP, ta amsa wa wasa duk tambayar da zai yi wa akwatin asali. Da ita ake buga ƙwallo a majalisar shayi, ana tura wa juna ta Xender ba tare da an ƙona data ba. Konami ta daina yi wa PSP sabuwar ƙwallo tun PES 2014, amma masu sha'awa suna ta sabunta 'yan wasa da riguna, har da dasa muryar mai sharhi Peter Drury. A farkon manhajar, wasanni da yawa sun tashi da hoto lafiya lau amma babu kiɗa. Kiɗan yana nan cikin fayil, babu ko bit ɗaya da ya ɓace, sai dai babu mai karanta shi. Sai da wani mai rubuta manhaja, Maxim Poliakovski, ya bi diddigin tsarin ya rubuta mai warwarewa a buɗe, aka sa shi cikin PPSSPP a 2013, ya kuma shiga rumbun FFmpeg da kowa ke ɗiba kyauta, sannan shirun ya yaye. Irin wannan wahala masu manhajar Dolphin, mai kwaikwayon GameCube, suka sha shekaru kafin su gane abin da ƙwaƙwalwar sautinsa ke faɗa a akwatunan saƙonta.

Ba na cikin masu cewa jiya ta fi yau. Yaron da ke Kaoje ko Zagga yana riƙe da sautin da ya fi na kowace rakoda tsafta, a memorin da bai kai farce ba. Tsarin MP3, da aka tabbatar a 1993, yana zubar da abin da kunne ba ya ji, ya mayar da minti ɗaya kusan megabayit ɗaya. Da shi masu turi ke cika wa manomi da direba da mai jirgi memori da karatu da waƙa a kan kuɗi kaɗan. Ko lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, kaya suka tsaya, sauti bai tsaya ba, domin ya daina buƙatar mota. Wannan ci gaba ne na gaskiya. Amma an biya masa farashi. Mai gyaran da a da yake gano ciwo ya yi magani, yau abin da ya rage masa shi ne ya canza sifika, ya hura wa aisi zafi, ko ya yi filashin da manhajar da wani ya rubuta a wata ƙasa. Ba basira ya rasa ba. Ciwon ne ya koma inda dalma ba ta kaiwa.

Abin da ya fi damuna ya wuce gem. Ƙasar nan tamu mahaɗar harsuna ce: Hausa, Fulatanci, Zabarmanci da Dandanci, Busanci, da Kyanganci wanda masu jinsa ke ta raguwa domin jikoki sun koma Hausa. Akwai tatsuniyoyi da kirari da waƙoƙin kamun kifi da na noma da tarihin gidaje waɗanda ba a taɓa rubuta su ba, sai dai wani ya taɓa ɗaukarsu a kaset, ko a bidiyon biki, ko a wata tsohuwar waya. Kowanne daga cikin waɗannan yana jiran mai karanta shi. Zaren kaset yana mannewa da zafi da damshin bakin kogi, rakoda mai lafiya kuma tana ƙaranci. Kamfanin Funai, na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo mai kaset, ya daina a 2016. Memori kan mutu rana ɗaya ba sallama. Wasannin Japan sun tsira domin sun sami mutanen da suka ba da shekarunsu kyauta suna tono ƙa'idojinsu suna rubutawa. Muryar tsohuwar da ta yi waƙar daka da Kyanganci ba ta da irin waɗannan mutane a Suwidin. Idan za a same su, a cikinmu za a same su.

Kuma aikin bai fi ƙarfinmu ba. Kwafe kaset yana buƙatar rakoda mai lafiya, igiya, kwamfuta, da haƙurin zama har zare ya ƙare; masu gyaran rediyonmu na dā su ne suka fi kowa sanin yadda za a tayar da rakodar. A ajiye kwafin farko ba tare da matsewa ba, ko a tsarin da ƙa'idarsa take a buɗe kamar FLAC, sannan a yi na MP3 don rabawa. Lasisin MP3 ma ya ƙare tun 2017. A ajiye a wuri fiye da ɗaya. A rubuta wanda ya yi magana, da garinsu, da harshen, da shekarar, domin murya marar suna rabin ɓatacciya ce. Samarin da suka iya buɗe fayil ɗin ƙwallo su canza muryar mai sharhi sun riga sun taka matakin farko na wannan ilimi. Abin da suke buƙata shi ne wanda zai nuna musu abin da ke ƙarƙashi: yadda ake auna sauti, yadda ake matse shi, yadda ƙwaƙwalwa biyu ke miƙa wa juna saƙo. Kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero suna kusa, kuma manhajojin da za a koya da su a buɗe suke, kyauta, ga duk mai son karantawa.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Dattawan da suka san muryoyin da ke cikin kaset ɗin nan, waɗanda za su iya cewa wannan wance ce, a bikin wane aka yi, suna raye yanzu, kaset ɗin ma har yanzu yana juyawa. Shekaru goma masu zuwa ba lallai a sami duka biyun tare ba. Duk gidan da ke da kwalin kaset a ƙarƙashin gado ya fito da shi bana, ya nemi mai gyara, ya nemi yaro mai kwamfuta, ya zaunar da tsohon gida kusa da su ya riƙa faɗin sunaye.